Bido Biyu a Busasshen Tafki

Mun tashi da asuba ranar Lahadin da ta wuce, mu shida, daga bakin unguwar Birni a Damagaram. Mota ba ta shiga lungunmu saboda rairayi, don haka a ka muka ɗauko akwatunan har bakin titi, manyan mutane da furfura a gemu, kowa yana rungume da motar wasansa kamar jinjiri. Maƙwabcina da ya fito daga masallaci ya tsaya ya kalle mu, ya ce Allah ya shirya, ya wuce. Na amsa da amin, don addu'a ce mai kyau.

Ga waɗanda suka fara bibiyata kwanan nan: kulob gare mu na ƙananan motoci katkat, wato masu ja da taya huɗu, tsawon kowace bai wuce kamu ɗaya ba, masu aiki da batir, ana tuƙa su daga nesa da telekomand. Duk Lahadi da yamma muna haɗuwa a bayan duwatsu mu yi tsere. Shugabanmu malamin lekol ne, wato makarantar boko, Mushe muke ce masa. Akwai bakanike, akwai tela, akwai ma'aikacin asibiti da ƙanensa, sai ni mai gyaran rediyo.

Dalilin tafiyar ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗa. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana wani ƙauye gaba da Droum. Ya kira ni ya ce damina ta sake yankewa, tafkin garinsu ya ƙafe ƙaf, abin da bai taɓa gani ba tun yana yaro. Bakina yana jajanta masa, amma zuciyata tana can tana auna faɗin tafkin: fili shimfiɗaɗɗe, ba ƙaya, ba dutse. Bayan kwana biyu na roƙe shi ya nema mana izinin maigari mu zo mu yi tsere a ciki. Ya ce zai je. Da ya dawo ya ce mini, "Na gaya masa mutane ne masu hankali, na ce ni na tsaya muku." Kawu mutum ne da maganarsa ke raba gardama a garin, bai mallaki abin da ya fi ta ba, ita ce kuma ya jingina saboda mu.

A shingen fita gari wani jandarma ya leƙa bayan motarmu, ya ga katkat shida a jere. Ya ɗaure fuska ya ce mu kawo kart giriz, wato takardar mallakar mota, ta kowace. Mushe ya fara lalube aljihu da gaske kafin mutumin ya fashe da dariya. Sai da bakanike ya sauke tasa ta zagaya ƙafafunsa sau biyu sannan ya ɗaga mana igiya.

Daga nan dariya ta ragu. Gonakin da ke gefen hanya ko karan kirki babu, an kwashe shi tun tuni an ba dabbobi. Rumbuna a tsaye, wasu an cire musu jinka, alamar ba abin da ake rufewa. Mun wuce mata suna ɗibar ganye a kan itatuwa, mun wuce wani makiyayi yana ɗaga saniya da sanda don ta kasa tashi da kanta. A Droum muka tsaya karyawa, shayi da burodi da ƙosai ƙanana kamar an yi wa yara. Mai shayin ya ce wake ne ya yi tsada. Na tambayi kuɗin tiyar gero, da aka faɗa mini sai na sake tambaya, na zaci kan ƙaramin buhu ake magana. Dabba kuwa ta zama ba a bakin komai ba, mutum ya kawo akuya kasuwa ya koma da ɗan abin da zai rataya a kafaɗa.

Bayan Droum hanyar ta zama rairayi zalla. Sau biyu motarmu tana kafewa, muka sauka muna turi, ga katkat shida kwance a baya ba wadda ta ce mana sannu.

Da hantsi muka isa. Matar kawu, wadda muke kira Inna, ta kawo mana ruwa a kwanon sha guda ɗaya, sannan fura mai ruwa-ruwa. Ruwan ja-ja ne, amma da sanyin tulu. Muka zagaya da kwanon muka shanye tas, tela har da kurkure baki. Garin shiru, tsofaffi da mata da ƙananan yara. Samari duk sun tafi ci-rani. Kawu ya kai mu muka gaida maigari, wani dattijo mai ƙaramar murya, ya yi mana maraba, ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Tafkin kuwa ya fi yadda na zata. Ƙasa ta tsattsage kamar tsohuwar tukunya, tsakiya a daddaɓe, gefe da garin laka mai laushi. Muka kafa turaku, muka ja igiya, muka jera tsofaffin tayoyi a kowace kwana. Kafin mu gama an cika bakin tafkin. Maigari ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin gawo, kawu a gefensa. Da bakanike ya saki motarsa don gwaji, awaki suka watse, tsofaffi suka riƙe baki, na ga kawu yana murmushi yana kallon maigari. Raina ya yi fari.

To, mu a kulob muna da wata al'ada. Kafin tsere sai mun jiƙa kowace kwana ta fili, don taya ta kama ƙasa, kuma kada garin ƙasa ya shiga injin ya ci haƙoran. A gida da ruwan wankin mota muke yi, wanda bakanike ke tara mana a garejinsa, abin da dama zubarwa za a yi. Amma don tafiyar nan ba mu so mu ɗauko ruwa mai wari, sai muka sayi mai kyau wajen ɗan ga-ruwa: bido shida, wato jarkoki, biyu na sha, huɗu na fili. Mu ƴan Damagaram ne, mun san fanfo ya yi kwanaki bai ce uffan ba, bai kamata a koya mana darajar ruwa ba. Sai dai abin da hannu ya saba yi duk Lahadi, yana yinsa ba tare da ya shawarci kai ba. Mushe ya ce a jiƙa kwana. Ni na ɗauki bidon farko.

Na zuba shi a kwanar farko, ina yayyafawa da tafin hannu yadda ya kamata, har ina jin daɗin gwanintata. Tela ya zuba na biyu. Ina shirin buɗe na uku na lura ba na jin muryar kowa. Na ɗago kai. Wasu mata da suka taso daga rijiya sun tsaya da tuluna a ka. Wata tsohuwa daga cikinsu ta sauke nata, ta tako har inda nake, ta dangwali ɗigon da ke bakin bidon ta kai harshe.

"Mai daɗi ne ma," in ji ta. Ba da ni take ba, da matan take.

Ba wanda ya zage mu, da ma an zage mu da ya fi mini sauƙi. Mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Maigari ya tashi, ya kaɗe buzunsa, ya naɗe, ya tafi bai dubi kawu ba. Ƙasar kuwa kafin su kai bakin gari ta shanye ruwan, sai ɗan duhu-duhu. Kawu kaɗai ya rage a ƙarƙashin gawon. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, haka na nufi wurinsa.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wallahi ban yi tunani ba."

"Na ga ba ka yi ba," ya ce. "Ruwanku ne, ku kuka saya, ba mai ce muku ku biya. Amma kwanon nan da kuka sha ɗazu, tun azahar ɗin jiya har faɗuwar rana Innarku tana kan layinsa. Ni kuma na ce wa maigari kuna da hankali."

Mushe ya ce za mu koma Droum da mota mu cika duk bidunan mu kawo. Kawu ya ce sauran huɗun dai a kai gidajen da ke da marasa lafiya, wannan daidai ne, amma ba shi zai wanke abin da ido ya gani ba. Ya yi mana bayani: rijiyar garin ɗaya ce, kowace unguwa da lokacinta, tsakanin layi da layi kuma ana barinta ta huta ruwa ya taru. A da shanu ke jan igiya, yanzu an sayar da wasu, wasu ba ƙarfi, mata ke ja da hannu. "Bayan azahar layin unguwarmu ne," ya ce. "In kuna da hannu, ku zo."

Muka je. Rijiyar in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani ɗan haske can ƙasa kamar kwabo. Ana ɗora igiya a kan itacen da aka gicciya a baki, mutum uku su kama su yi tafiya da ita a kan turbar da shanu suka tattake, har guga ya fito. Bakanike ya ce a ɗaura igiyar a motarmu a gama cikin minti kaɗan. Tsohuwar nan da ta ɗanɗani ruwanmu ta ce masa ruwan ƙasan kaɗan ne, in aka fizga guga zai bugi bango ya kwaso laka, sai an ji nauyinsa a hannu ana lallaɓa shi. Ita ta zama shugabar aiki, Mushe ya koma ɗalibi.

Gugan farko rabinsa ya zube a hanya saboda mun yi gudu. Na biyu ya fito da laka. Matan suka fara dariya a cikin mayafi, daga baya suka daina ɓoyewa. Wata ta ce hannun mutanen birni kamar tuwon shinkafa, wata ta ce wa ma'aikacin asibiti ya tanadi maganin kansa. Na kama gaban igiya, inda nauyin ya fi yawa, ban yarda na saki ba ko da aka ce a canja. Kafin a cika tulu na goma tafina ya yi ƙuraje, suka fashe, igiyar kaba tana shiga ciki. Ban taɓa sanin tulu yana da zurfi haka ba. Kawu yana zaune nesa a kan wani kututture, bai tashi ba har aka gama.

Ana kiran la'asar aka cika na ƙarshe. Ashe kullum sai rana ta kusa faɗuwa suke gamawa. Matan suka tsaya suna kallon juna, ga sauran yini a hannunsu ba su san inda za su kai shi ba. Tsohuwar ta ce, "To, ku je ku nuna mana abin da ya kawo ku."

Bayan salla muka yi tseren a busasshiyar ƙasa. Motoci suna zamewa a kwana, suna juyi, suna hantsilawa, ashe ma abin da ya fi ba mutane dariya ke nan. Ta Mushe ta shige ƙarƙashin wani jaki ta ƙi fitowa. Bakanike ya ci, don shi kaɗai hannunsa ya saba da wahala. Ni kuwa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, telekomand yana zame mini, motata tana bin baya kamar mai rakiya. A zagaye na uku na waiwaya, na ga buzun maigari a shimfiɗe a ƙarƙashin gawo, kawu a gefensa. Ina kusa da su, na ji maigari yana tambayar kawu wacce ce ta ɗan ƙanwarsa.

"Waccan ta ƙarshe," in ji kawu. "Amma a igiya shi ne a gaba."

Ban san sa'ad da motata ta daki taya ta kife ba, idona ya cika da ƙwalla.

Da za mu tafi Inna ta fito da gora cike da ruwa. Na ce mata ta bari, gida ba nisa. Ta ce ba a taɓa sallamar baƙo daga gidan nan ba ruwan hanya ba, ba kuma a kanmu za a fara ba. Na karɓa da hannu biyu.

Mun yi magariba a Droum, muka shigo Birni ana kiran isha'i, kowa ya ɗauki akwatinsa a ka don hannu ba ya riƙo. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa mutanen da suka ga wautarmu suka ba mu hanyar gyarawa maimakon su kore mu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, da a kuɗinsa nake auna ruwa, yanzu na san a tafin hannun wani ake auna shi. Mun yanke shawara ba za mu ƙara jiƙa fili ba, ko da ruwan wanki, haƙoran inji su ci ƙasa mu gyara. Lahadin ƙarshen wata za mu koma, kuma kafin azahar za mu isa, don layin unguwar kawu.

Goran Inna yana rataye a shagona. A hanya mu shida muka zagaya da shi, tela ma bai kurkure baki ba.