Akushin Manu a Hannun Rabilu Kafinta

Rabilu kafinta, Ba'are, wato ɗan ƙabilar Arawa, yana da rumfa a bakin kasuwar Kore Mairuwa. Na san shi tun yana ɗalibina a lakwal, wato makarantar boko, kuma tun a lokacin ba ya gaggawa. Duk wanda ya kawo masa gyara, ba ya taɓa gam sai ya tambayi inda abin zai zauna. Farin gam na kujerar ɗaki ne, in ji shi, domin ruwa na sake shi. Mai saurin kamawa kuwa, wanda yara ke tallarsa, bushewa yake kamar gilashi, itace na motsawa ya ɓalle.

Wata ranar kasuwa Altine, matar wani makiyayi mai suna Manu, ta kawo baƙin akushi da ya tsage daga baki. Manu ya tsufa, yana jinya, kuma tun da akushin ya faɗi ya ƙi cin abinci a roba. Kullum ramewa yake.

"Ba'are, liƙe mini shi yanzu, in ka iya," in ji ta.

"Inna, ku Fulani kun san saniya, ba ku san icce ba. Mi yaka ci a ciki?"

"Tuwo da zahi nai."

Rabilu ya girgiza kai. Zafi da ruwa sun fi ƙarfin farin gam. Ya ɗauko wanda ake haɗa kala biyu a gauraya, amma bai yarda ya taɓa abinci ba. Saboda haka ta waje kaɗai ya shafa shi, ya ɗora siririn itace a kan tsagin, ya ɗaure da igiya, cikin kuma ya cike da ƙaro da garin itace. Ya ce sai kasuwa mai zuwa, kuma ban da wanki da ruwan zafi.

Altine ta yi mita har ta bar rumfar. Da ta dawo ta karɓa, ta juya akushin a rana, ba ta ce ya yi kyau ba.

Bayan haka, ina zaune a rumfar, ɗanta ya zo da ƙwaryar nono. Ya ce tsoho ya shafa bakin akushin da yatsa, ya zagi aikin Arawa, sannan ya cinye tuwon har ya nemi ƙari. Rabilu ya yi dariya, ya zuba mini nonon a kofi, ya koma kan tagar da yake sassaƙe wa gefe.