Ritayar da aka yi mini ina cikin takaba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da na fita takabar Malam na koma aiki ba. Ni ce mai wankin ɗakin mata a wani asibitin gwamnati a ƙasar Anka, tun kafin a haifi wasunku. Ina shiga na tarar da wata baƙuwa duƙe a kan bahona.

"Inna Hajo, ba ki ji ba?" in ji maigadi. "Ai an yi miki ritayar dole."

Na ce, "Ni? Da wane laifi?"

Ashe ina cikin takaba zannuwan gadon asibiti suka ɓace. Aka kafa kwamitin bincike, wato manya su zauna su ji ta bakin wanda ake zargi kafin hukunci. Suka rubuta wai an kira ni na ƙi zuwa. Ni da ko zaure ban leƙa ba! Sunan sata, da furfurata!

Sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikata ya ce ƙa'ida ta ba ni damar ɗaukaka ƙara. Muka hau mota sai Gusau. Can wurin sauraron ƙarar na tarar da shugaban kwamitin binciken, Malam Sani, babban jami'in mulki na asibitinmu.

Da aka ba ni magana na dube shi na ce, "Ranka ya daɗe, ranar sadakar uku wa ya tsaya bayan labulena ya ce, Inna, sai haƙuri?"

Ya ce, "Ni ne."

"To, ka san inda nake ke nan."

Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Wannan na je ne a matsayin maƙwabci. A ofis ba a sanar da mu a rubuce ba."

Na yi salati da ƙarfi. Dattijon da ke jagorantar zaman ya cire tabarau ya ce, "Malam Sani, da ka dawo daga gaisuwar, wani ne ya shiga ofis ɗin ba kai ba?"

Aka soke hukuncin, aka sake bincike ina zaune. Ba a same ni da ko zare ba. Na yi aikina har lokacin ritayata ya yi.

Ku yara, abin da na gani ke nan: aikin gwamnati kan raba mutum biyu. Ku dai kada ku yarda kujera ta mantar da ku abin da idonku ya gani.