Geron da Ke Warin Jaki

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe wata Laraba ta shekarar babban farin nan na farkon saba'in ba. Har yau in na ji rediyo na cewa manyan ƙasashe suna ta ja-in-ja kan ɗage wa wata ƙasa takunkumi, wai tana ɓoye 'yan ta'adda, sai in ce, mu ai mun yi namu a gindin tsamiya.

Lokacin ina awon hatsi a kasuwar ƙauyenmu, yamma da Maigatari. 'Yan fashi suka tare fatake, suka kashe wani mutumin garinmu, aka bi sawu har wani ƙauye a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Dattawa suka yanke cewa ko tiya ɗaya kada a ƙara sayar wa mutanen can. Wanda ya karya doka, shi da kasuwa har abada.

To, Innata a ƙauyen take aure tun bayan rasuwar babanmu, kuma ko zangarniya ba su girbe ba. Ina dalili in ci tuwo uwata tana tafasa ganye? Sai na riƙa farke akumarin jaki ina ɗura gero a ciki, wani mai fataucin kanwa yana kai mata. Wata huɗu ina haka, kullum cikin tsoron kada a kama ni.

Ranar Larabar nan mai garinsu ya zo da dattawansa neman sassauci, aka zauna a gindin tsamiya. Ya ce, "Wallahi ɓarayin sun tsere tuni. Mata da yara kuke horarwa."

Wan mamacin, wani mahauci mai murya kamar ganga, ya zabura. "Su fito mana da su tukuna! In an sassauta yau, gobe wa za su kashe?"

Aka yi ta kai da kawowa har rana ta take tsaka. Ni dai na lafe a gefe, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Can sai Liman, tsoho tukuf, ya ce a kawo Alƙur'ani da buta. Ya ce, "Kafin mu yi gardama kan doka, mu ga ko tana da rai. Duk wanda bai taɓa tura ko ƙwaya ɗaya can ba, ya yi alwala ya zo ya dafa."

Innalillahi! Na ce shi ke nan, kowa zai tashi a bar ni ni kaɗai, in rasa kasuwa, Inna ta rasa gero. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji ƙarar ruwa. Shiru. Na ɗago, buta tana nan inda aka ajiye ta. Sarkin kasuwa da kansa ya duƙufa yana gyaran takalminsa.

Liman ya dubi mahaucin. "Kai fa, mai babbar murya?"

Bawan Allah ya buɗe baki, sai hawaye. "Malam, 'yata tana can da goyo. Yaya zan yi?"

Mai kanwa ya kasa daurewa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe duk garin jakunansa muke yi wa lodi, kowa yana ɓoye wa maƙwabcinsa! Nan take aka ɗage dokar, bisa sharaɗin in ɓarayin sun dawo a damƙa su ga hukuma. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Washegari na ɗora buhu guda a kan jaki, tsakar rana, na kai wa Inna da kaina. Ta rame har sai da na kau da kai. Ta damƙi geron ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, yau dai geronka ba ya warin jaki."

Tun daga ranar na gane cewa in an toshe wa gari abinci don a hori ɓarawo, ɓarawon yana can ya ƙoshi. Uwar wani ce take kwana da yunwa.