Abin da ya sa Illo ya dafa ƙasa

Da kakar bana shekara ashirin ke nan da aka rufe yayana Illo a ƙauyenmu, kusa da Sae Sabuwa. Ni ban yi lakol ba, wato boko, faɗa nake ana rubutawa, amma duk wanda ya san Cima ya san ba na ƙara wa zance gishiri. Abin da ya tashe ni magana shi ne, har yau ana kiran jikokinsa da sunan ba'ar da aka laƙaba masa, wai jikokin Dafa-ƙasa. Ni kaɗai na rage a duniya da na san mafarin abin.

Kwanan baya na je Maraɗi gidan ɗansa. Ina shiga na tarar da jikanyar Illo, budurwa sosai, cikin fararen kaya da ɗamara, ta jingina waya jikin turmi. Wani mutum a cikin wayar yana harba ƙafa sama, ita ma tana harbawa. Uban yana zaune kan tabarma yana yi mata tafi! A tsakar gida, rana tsaka, ƙofa a buɗe. Na yi ta tunanin me Illo zai ce da ya gani. Ina jin da farko zai ruga ya rufe ƙofa, sannan ya dawo ya tambayi wanda ke cikin wayar ko ya koya mata yadda ake faɗuwa.

Mu namu koyon a ɓoye muka yi shi, shekarar da aka ce Nasara sun tafi, ƙasa ta dawo hannunmu. Illo yana da shekara goma sha bakwai, ni ina bin bayansa da huɗu. Gidanmu ba a zancen kokowa. Ƙanen Baba a fage ya mutu, an buga kansa da ƙasa wuyansa ya karye, kuma Baba ne ya ɗauko gawar a kafaɗa. Tun daga ranar ko gangar 'yan kokowa aka buga, shiga ɗaki yake yi.

Shi kuwa Illo ba abin da yake so irinta. Ba wanda zai yarda ya koya masa, don kowa na jin nauyin Baba. Sai ya je ya tsaya bayan taro ya kalli yadda ake riƙo da yadda ake sarƙe ƙafa, ya dawo bayan rumbu ya gwada da buhun da ya cika da yashi. Ya yi wata biyu a haka, sai ya gane buhu ba ya turjewa.

Wata ranar kasuwar Tibiri, Baba ya tafi, Inna tana rijiya, ya same ni ina surfe.

"Cima, ajiye taɓaryar nan ki zo ki ture ni."

"Yaya, ka haukace?"

"Ke da kike jan guga ke kaɗai? Buhun nan ya fi ki ƙarfin hali ne?"

Ya san inda zai taɓa ni. Na ɗaure zane tamau na bi shi. Ba fahariya ba, a farkon nan sau da dama ni na sa shi cin ƙasa, don ina da ƙashi, shi kuwa dogo ne siriri. Amma kowace ranar kasuwa sai ya zo da sabon abu, har ya kai ga wani kamu nasa na kansa: ya shiga ƙarƙashinka, ya ɗaga ka a kwankwaso, ya juya. Ranar da ya fara yi mini shi sosai, ƙeyata ta bugi ƙasa, duniya ta yi duhu. Na farfaɗo na gan shi yana zuba mini ruwa, yana kiran sunan ƙanen Baba.

Daga ranar, duk ya ɗaga ni ya juya, sai ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya tallabe ƙeyata da na dama, ya sauke ni kamar mai ajiye tulu. Sau nawa muka yi haka ban iya ƙirgawa ba. Ba wanda ya tsaya a kanmu balle ya ce masa, kai yaro, wannan hannun zai cuce ka.

Da kaka ta yi, aka kai gyaɗa gida, samarin Gidan Sori suka zo mana da wani ƙato, Bawa. Ya kayar da namu uku a jere. Illo ya je ya durƙusa gaban Baba ya roƙi a bar shi ya shiga fage. Baba ya ce, "Sau ɗaya. In an kada kai, ba kai ba fage har abada." Illo ya ce ya yarda.

Ina cikin 'yan mata da la'asar ɗin nan. Mutane suka yi ta dariya da suka ga wanda ya fito, wani ma ya ce a kawo tabarmar ɗaukarsa tun da wuri. Suka kama juna. Bawa ya turo shi da ƙirji, Illo ya shige ƙarƙashinsa, sai ga ƙafafun Bawa a sama. Makaɗi ya tsaya da kiɗa. Ni na riga na buɗe baki zan yi guɗa. Sai na ga hannun hagun nan yana miƙewa.

A dokar fagenmu ta lokacin, wanda hannunsa ko gwiwarsa ya riga taɓa ƙasa shi aka kayar, ko da shi ne a sama. Illo ya dafa ƙasa, ya tallabi kan Bawa, ya kwantar da shi a hankali gaban garuruwa biyu. Bawa yana kwance yana zare ido, shi kansa bai san shi ya ci ba sai da dattawa suka ɗaga hannunsa. Nan ihu ya tashi. Wani ya ce, "Wannan ungozoma ce ko ɗan kokowa?" Kafin magariba sunan Dafa-ƙasa ya bi gari.

Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi magana ta ƙare. Na sami Illo bayan rumbu na ce zan faɗa wa kowa a kaina ya koyi haka. Ya ce, "Ki faɗa, a ji ɗiyar gidan nan ta yi wata da watanni tana kokowa da namiji? Da wane ido za ki je rijiya? Rufe bakinki." Na rufe. Ya yi noma, ya yi fataucin gyaɗa, ya tsufa ana kiransa da sunan nan yana amsawa. Bai sake taka fage ba, ko kallo.

Ranar addu'ar ukun Illo wani tsoho ya zo a amalanke daga Gidan Sori. Muna cikin gida, zana ce kawai tsakaninmu da maza, na ji ya ce shi ne Bawa. Ya ce, "An kada ni a duniya ba adadi, kowa so yake ya ji ƙarar kaina. Mutum ɗaya ya taɓa sa hannu ya tare mani shi. Shekara arba'in da wani abu ina tambayar kaina, wa ya koya mashi wannan?" Ina zaune, tsakanina da shi bai kai taku uku ba. Ni da ban taɓa jin tsoron mutum ba, kunya ta danne mini harshe. Na bar shi ya hau amalankensa ya tafi, kuma na ji shi ma ya rasu.

Illo bai bar walki ba, bai bar kirari ba, makaɗi bai taɓa yi masa waƙa ba. Abin da ya bari kawuna biyu ne da suka tsufa lafiya a wuyan masu su, nawa da na Bawa. Na auna wannan da abin da manyan 'yan kokowar zamaninmu suka bari, ban ga inda ya gaza ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Bawa.

Ga amsar da na hana tsohon nan, ku mutanen Sae Sabuwa da na Gidan Sori ku karɓa a madadinsa. Ni ce. A kan ƙeyata ya koya. Illo ya kayar da Bawa ranar nan, kuma da ba don ƙanwarsa ba da hannunsa aka ɗaga.