Man shanun Goggo Hari

Ina zaune a zaure a Kazaure ina ƙara tamke mazagin wandona, sai ga Goggo Hari, ƙanwar mahaifina, ta sauko daga motar Roni da ƙwarya a ka. An kai mata labari wai na rame, ba a san abin da ke damuna ba.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo, mu malaman makaranta mun samu shayi da burodi da lemon kwalba, kowa ya ajiye teɓa. Ni da ƙyar nake sunkuyawa. Sai na yi gwaji a kaina: na bar tuwo da burodi da sukari, na koma man shanu da kindirmo da nama mai kitse. Cikin wata uku riguna suka yi mini yawa.

Goggo ta ɗaga faifai. Man shanu ne curi-curi, sabon kaɗi.

Ta ce, "Cokali biyu safe da yamma, jikinka zai dawo."

Na ce, "Goggo, ai shi ya ramar da ni."

Ta daɗe tana kallona. "Ɗan nan, da man nan masu jego suke murmurewa a hannuna tun ba a haife ka ba. Yau kuma shi ke zuge mutum?" Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah."

Duk da haka ba ta tashi ba sai da ta ga na sha cokali biyun.

Na tsufa ban gane yadda abu ɗaya ya yi aiki biyu ba. A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin irin haka?