Gwiwar Lurwanu

Lokacin da Rakiya take takabar mijinta a unguwar Misfala ta Makka, ba ta da halin fita ɗiban ruwa. Lurwanu ɗan garuwa, ɗan maƙwabciyarta Sa'adatu, shi ke hawo mata da garwa biyu kowace safiya, ya juye a randa, ya sauka tun ba ta buɗe baki ba.

Ƙafar nan da ta saba hawan tudun Makka da ruwa a kafaɗa, ita ta fitar da shi duniya. Da la'asar yakan buga ƙwallo ba takalmi a filin bayan unguwa. Bayan babban yaƙin Turawa wani alhajin Sudan ya tsaya kallo, da aka sauko Arfa ya tafi da shi Bur Sudan. Daga can sai Hartum, sai Asmara. Rakiya ba ta san abin da ƙarti ke nema a bayan ƙwallo ba. Ta dai san duk wanda ya sauko jirgi a Jidda, da sunan yaron a bakinsa.

Shekarar da ya zo hutu, unguwa ta cika, kowa na shafa takalminsa mai ƙusoshi. Rakiya kuwa ta taga ta ga yadda yake sauka matakala, hagu na jiran dama. A Harami ta hango shi a zaman tahiya, ƙafar a miƙe kamar ta tsoho.

Ta tare shi a zaure.

"Ɗan nan, gwiwar nan fa?"

"Kai, Gwaggo, ke da idonki! Likitan kulob ma bai gano ba."

"Shi bai san tafiyarka ba. Ka zauna gida ta huce."

"In zauna, kulob ɗin Alƙahira da ke nemana ya ɗauki wani? Ma'alesh, ba komai, shekara ɗaya ce."

"In ta tsinke maka a can, wa kake da shi?"

Ya yi dariyar yaƙe.

Ranar tafiya ya shigo sallama. Ya so ya durƙusa ya gaishe ta, gwiwar ta ƙi. Ya dafa bango, gumi ya keto masa.

"Gwaggo, don Allah kada Inna ta ji. In kin shiga ɗawafi ki sa ni a addu'a. Ba cin wasa nake so ki roƙa mini ba. Ki roƙa in dawo tana lanƙwasuwa, in yi sujada kamar kowa."