Harawar Doki Ɗaya

Har gobe in aka tayar da musun dokin da ya fi kowane doki gudu, ni ba na ɓoye-ɓoye, Akawalina ne. Baƙi ne wuluk, jinin dawakin Sudan ta wajen uba, na saye shi yana ɗan duƙushi na raine shi da hannuna. An ce yabon kai jahilci, to ai ba kaina nake yabo ba, doki nake yabo.

A ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, bayan La'asar muke zama gindin tsamiya mu yi ta wannan musu. Wani dattijo kullum sai ya kawo wani kili da ya gani a filin sukuwa na Kano tun yana saurayi. Wani tsohon soja kuma ya rantse babu kamar dawakin Turawa masu takardar asali, waɗanda ake sanin kakan kakansu. Duk ina iya haɗiye wannan. Wanda ke tayar mini da jijiyar wuya shi ne taubashina, ɗan ƙanwar babana, da ke zaune a ƙauyen gaba kan hanyar Kunci. Yana da wani hurde, doki ne na kirki, ba zan ci amanarsa ba. Amma duk sukuwar da muka yi bayan girbi, ƙurar Akawal yake sha. Kuma bai taɓa rasa hujja ba: yau sirdi ya kwance, gobe ƙasa ta yi taushi, jibi wai na yi asiri. Wasan taubasai ne, ba a fushi, amma ni nakan yi.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere. Mu nan gonaki manne suke da juna, babu dajin da za ka saki dabba ta yi kiwo. Doki daga gonar mai shi yake ci, harawar wake da ta gyaɗa, sai dusa da 'yar kanwa. Waken bai yi ba, balle a ɗaure harawa. Dusar kuwa mutane suka koma tuƙawa suna ci. Na ba Akawal busasshen kara, na ba shi ganyen da na kakkaɓo daga bishiya, har ya zamana ina iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Ran nan uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, na ga ka ɗebi gero ka kai turke. Yaran nan fa?" Gaskiya ta faɗa.

Na yanke shawarar kai shi kasuwar Kunci. Kowa ya san masu sayen doki a lokacin fataken kudu ne, kuma yankawa ake yi. Gonar taubashina ta taɓa fadama, ya samu 'yar harawa, na sani sarai. Amma in je in roƙe shi? Gara in haɗiye garwashi.

Ina janye da dokin da hantsi, sai ga shi a ƙofar gidansa yana goge haƙora da asuwaki.

Ya ce, "Kai bawana, ina za ka da wannan jakin?"

Na ce, "Inda ba ruwanka."

Ya zagaya Akawal, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi tsaki. "Oho, na gane. Ka ga hurde ya kusa ramawa, shi ne za ka sayar ka gudu, ka yi ta cika mana baki har mutuwa. Wallahi ba ka isa ba. Kawo shi nan in ɗaure a bargata, in ciyar da shi har ruwa ya sauka. Sannan mu kara, kada in na kayar da kai ka ce yunwa ce."

Na zage shi tas, na ce ko da ƙafa uku Akawal zai wuce wannan alfadarin nasa. Ina zagin ina miƙa masa igiyar. Bai kalli fuskata ba, ni ma ban kalli tasa ba.

A makon na tafi cin rani birni, na yi ta dako a kasuwa ina aiko da abin da ya samu. Sai da ruwa ya zauna na dawo. Ko gida ban shiga ba, daga mota na zarce gidan taubashina.

Tun daga zaure Akawal ya ji muryata ya saki haniniya. Kai, jama'a! Ya cika ya batse, gashinsa na sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Na rungume wuyansa, ban ji kunyar hawayena ba. Sai na juya don in fara tsokana, na ga turken hurde babu kowa, har ciyawa ta tsiro a gindinsa.

Na ce, "Ina hurde?"

Ya ce, "Harawar doki ɗaya gare ni."

Ban gane ba sai da ya ƙara. Mako guda bayan tafiyata ya ja hurde da kansa ya kai wa fataken kudu.

Na ce, "Haba ɗan'uwa! Ai da naka ka ajiye. Naka ne fa!"

Ya juya mini baya, yana ta gyara wata igiya da ba ta bukatar gyara. Ya ce, "Kai dai wawa ne tun muna yara. Irin hurde ana samu a kowace kasuwa. Wannan kuwa ni ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Kwance abinka ka ba ni wuri. In kuma ka faɗa wa wani, zan ce ƙarya kake."

Ban faɗa wa kowa ba sai yau, da ƙasa ta rufe masa ido. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.